Yarana uwarsu 'yar Meziko ce, ta ina zan fara nuna musu al'adun danginta?

Baban Yusra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema musamman wajen iyayen da ke zaune a waje. Wasunku sun san uwargidana 'yar Meziko ce, 'yar garin Puebla, ta musulunta tun kafin mu haɗu, muna zaune a Houston da yara uku. To yaran nan ɓangarena sun sani daidai gwargwado, suna jin Hausa, sun je Zariya sun ga hawan sallah, in aka yi tuwo babu mai ɗaga hanci, amma ɓangaren uwarsu kusan babu abin da suka sani sai taco da ake ba su a makaranta, Sifaniyancin ma babbar ce kawai take ɗan haɗawa. Yanzu an gayyace mu Puebla bikin cikar 'yar ƙanwar matata shekara 15 a ƙarshen Oktoba, kuma surukata ta roƙa mu tsaya har a yi ranar matattu 2 ga Nuwamba. Ni dai bana so su tashi suna kallon kakarsu kamar baƙuwa, amma dangin duk Katolika ne kuma akwai abubuwan addini a cikin bukukuwan. Me za a shiga, me za a bari, kuma ta ina ake farawa da yara?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka yi wannan tunanin, dangin uwa ba abin wasa ba ne, yarinyar nan ta bar ƙasarta ta bar addinin iyayenta, kada kuma a ce 'ya'yanta ma an raba su da tsohuwarta. Ka kai su. Amma ranar matattun nan ce ban gane ba, biki ake yi wa mamata ko me?

Maman Khalil:
Hajiya bari in ɗan yi bayani don unguwarmu a Chicago kusan duk maƙwabta 'yan Meziko ne. Kwana biyu ne, 1 ga Nuwamba na yaran da suka rasu, 2 ga wata na manya. A cikin gida ake haɗa tebur hawa hawa suna ce masa ofrenda, a jera hotunan waɗanda suka rasu, a kunna kyandir, a zuba wani fure ruwan lemo mai ƙamshi sosai da suke kira cempasúchil, a ajiye ruwa da gishiri da wani burodi mai sukari da ake gasawa don lokacin, sai kuma abincin da mamacin yake so lokacin yana da rai. Wasu maƙabarta suke tafiya su share kabari su ƙawata shi, a wasu garuruwan ma a can ake kwana da abinci da kiɗa. Abin da suka yi imani da shi shi ne rayukan suna dawowa ziyara, launin furen da ƙamshinsa ke nuna musu hanyar gida. Basu ɗauke shi abin tsoro ba ko kaɗan, kuma ba Halloween ba ne duk da kwanakin sun yi kusa, maƙwabciyata ranta ɓaci yake in aka haɗa mata su.

Malam Abu Hafsa:
To ai nan gizo ke saƙar. Cewa ruhi yana dawowa gida ya ci abin da aka ajiye masa wannan aƙida ce, ba ado ba ne kamar tufafi ko girki, yaro musulmi ba zai sa hannu ya ajiye wa mamaci abinci ko ya kunna masa kyandir ba. Wannan a fili yake. Amma zumuncin shi ma a fili yake, Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta da ta zo mata alhali ba ta musulunta ba, ya ce ta sada zumunci da ita, kuma a suratu Luƙman an ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka kada ka bi su amma ka zauna da su da kyautatawa a duniya. Saboda haka ba zaɓi ba ne tsakanin zuwa da ƙin zuwa, zuwan za a yi, a san inda za a tsaya.

Abu Sumayya:
Malam ni fa ban gamsu ba. Babba zai iya sanin inda zai tsaya, yaro ɗan shekara 6 fa? Zai ga kyandir da furanni da alawa mai siffar ƙoƙon kai da 'yan uwansa an yi musu fenti a fuska suna murna, kai kuma kana cewa kar ka taɓa, a zuciyarsa addininsa ne ya hana shi jin daɗi. Gara a je bikin yarinyar a juyo kafin 1 ga wata, ko a ɗage tafiyar gaba ɗaya zuwa hutun bazara lokacin da babu wani biki.

Malama Hadiza:
Yaya Abu Sumayya ina koyarwa a firamare a San Antonio, wlh abin da kake gudu yaran nan sun riga sun gani, makarantu da yawa a nan duk shekara sai an yi zanen ƙoƙon kan nan a aji, ga fim ɗin katun da aka yi akan bikin kusan babu yaron da bai kalla ba. Ɓoyewa ba zai yiwu ba a Texas. Gara su gani uwa da uba na tsaye kusa suna musu bayani da su ji daga bakin ɗan ajinsu. Kuma akwai wani abu a teburin nan da ni nake ganin yaran suna da haƙƙi a kai, wato hotunan. Waɗannan fuskokin kakannin kakanninsu ne ta wajen uwa. A zaunar da su gaban tsohuwar ta nuna musu wannan babana ne manomi ne, wannan yayata ce ita ta koya min girki, su ji sunaye su ji labari su rubuta a littafi, babbar ma ta ɗauka a waya. Sanin nasaba ba ibada ba ce ga mamaci. In an zo addu'o'insu da kunna kyandir sai uban ya ja su waje a yi yawo.

Malam Abu Hafsa:
Wannan rabe-raben na Malama ya yi. Sharaɗi dai a yi wa yaran bayani tun a gida kafin a hau jirgi, da harshen da za su gane, cewa kaka tana da addininta mu muna da namu, muna sonta muna girmama ta amma wannan abun ba ma yi. Kuma a faɗa wa ita surukar tun da wuri ta bakin 'yarta don kada ta miƙo wa jika kyandir a gaban mutane a ƙi karɓa ta ji kunya.

Baban Yusra:
Na karanta wa Maman Yusra duk abin da kuka rubuta, ta ce in gaishe ku kuma in faɗa muku wani abu. Ta ce ita ba ranar matattu ce take kewa ba, ta ajiye wannan tun da ta musulunta kuma mamanta ta sani. Abin da ke mata ciwo ƙananan abubuwa ne. A gidansu duk Lahadi kowa gidan kaka yake cin abincin rana, kuma in an gama ci ba a tashi, zama ake a kan teburin ana hira awa biyu uku yara na yawo tsakanin manya. A watan Disamba matan gidan gaba ɗaya suke taruwa a kicin su wuni suna naɗa tamale, yaro ƙarami aikinsa wanke ɓawon masara, wanda ya ɗan tasa shi ke shafa ƙullu, a nan ake jin duk labarin dangi. Ranar haihuwar mutum kuma da asuba ake tashinsa da waƙa a bakin gado. Ta ce waɗannan ne take so yaran su sani, kuma tana faɗa tana share hawaye.

Hajiya Babba:
Allah sarki. To ai wannan babu abin da ya raba shi da tarbiyya ta gari. Ku fara shi a gidanku tun wannan satin mana, me za ku jira? Amma menene tamale ɗin?

Maman Khalil:
Hajiya kamar alale ne amma da ƙullun masara, a sa nama da miya mai yaji a tsakiya a naɗe a busasshen ɓawon masara a turara. Daɗi ba a magana. Sai dai nan zan ja kunnenka Baban Yusra duk da nasan madam ta fi ni sani, don a gidan biki ba ita ke girkin ba. Kitsen alade suna ce masa manteca kuma yana shiga inda baka zata ba, ƙullun tamale na gargajiya da shi ake bugawa, waken nan da ake dakawa a soya shi ma sau da yawa da shi ne, har tortilla (siririyar gurasarsu) ta fulawa wasu da shi suke murzawa, ta masara ce yawanci masara da ruwa kawai. Taco al pastor wanda ake yankowa daga ƙarfe mai juyawa kamar na shawarma naman alade ne, asalinsa ma 'yan Labanan da suka yi hijira can ne suka kai salon gashin daga baya aka canza naman. Ku koya wa yaran su iya tambaya da kansu da Sifaniyanci ko akwai alade ko manteca a ciki, wannan ita ce jimla ta farko da ya kamata su haddace. Kuma tunda Puebla za ku, garin ya yi suna da kayan zaƙi, akwai titi guda na masu alawa, alawar dankalin Hausa da suke kira camote lafiya lau ce yara za su so ta, amma akwai borrachitos da wani abin sha na ƙwai da madara rompope waɗannan da giya a ciki kuma kamanninsu na kayan yara ne.

Baban Yusra:
Gaskiya ne Anti. Surukata ta riga ta ce za ta yi mana namu daban da man gyaɗa da kaza, mole ɗin ma da talotalo za a yi kuma ni zan yanka. Ga waɗanda basu sani ba mole miyar Puebla ce ta biki, baƙa mai kauri, barkono kala kala da riɗi da gyaɗa da kirfa da kanumfari har da ɗan cakulan, wuni ake ana haɗa ta.

Ɗan Maigatari:
Ina ta karantawa ina jira a zo maganar abin sha. Ranka ya daɗe in ka je duk inda ka ga jan abin sha a babban tulun gilashi an rubuta jamaica, to zobo ne, zoɓorodon da ka sani. Mu nan Jigawa da Kano sana'armu kenan, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen zobon Najeriya, a buhuna ake tara shi a tsince a loda a kwantena. Ka nuna wa yaran ka ce musu wataƙila wannan furen daga ƙasar babanku ya taso ya zo teburin kakarku. Tsamiya ma suna jiƙa ta su sha.

Ramatu Zinder:
Ni a Valencia nake, bari in ƙara. Farin abin shan da za ku gani kusa da zobon horchata ne, nasu na Meziko da shinkafa da kirfa ake yi, amma na nan Sifaniya da aya ake yi, kunun aya ne sak, har ana shigo da aya daga Nijar. Ku haɗa duka biyun a gida rana ɗaya yaran su ɗanɗana su zaɓa. Sannan masarar da muke tuwo da ita asalinta kudancin Meziko ne, can aka fara noma ta shekaru kusan 9000 da suka wuce, wannan kaɗai ya isa yaro ya ji ɓangaren uwarsa ba ƙananan mutane ba ne.

Sadiq Jos:
Ku fara da ƙwallo kawai yallaɓai, mutanen nan ba sa wasa da ita, a filinsu na Azteca aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a 1970 da 1986. Ka saya wa mazan koriyar riga su shiga cikin 'yan uwansu, ko ba yare za su fahimci juna. Ka kuma tuna wa surukanka 2013 da yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci su 3 da nema a wasan ƙarshe a Abu Dhabi.

Malama Hadiza:
Sadiq ya faɗi gaskiya akan wasa, yaro ta wasa yake shiga. Akwai lotería, kati 54 ne kowanne da hoto da sunansa a ƙasa, zakara, wata, kankana, tsani, kowa yana da allo mai hoto 16, mai kira ya ɗaga kati ya faɗi suna in kana da shi ka ɗora ƙwayar wake. Cikin sati biyu yaro ya kwashe kalmomi masu yawa bai ma san karatu yake ba. Wasu gidajen da 'yan kuɗi suke bugawa, ku ku yi da wake kawai. Sai tarihi, kuma nan nake so in daɗe don a Amurka an cakuɗa shi. Cinco de Mayo wato 5 ga Mayu ba ranar 'yancin kai ba ce, ranar da sojojin Meziko suka kori na Faransa ne a 1862 kuma a Puebla aka yi yaƙin, garin uwarsu, ganuwar da aka fafata a kai tana nan akan tudu ana zuwa gani. Janar ɗin da ya jagorance su Ignacio Zaragoza a Goliad aka haife shi nan cikin Texas lokacin tana ƙarƙashin Meziko, daga Houston tafiyar 'yan awanni ce a mota, ku kai su kafin tafiyar. Ranar 'yanci 16 ga Satumba ce, tunawa da 1810 lokacin da limamin coci Miguel Hidalgo ya kaɗa ƙararrawa a garin Dolores ya kira mutane su tashi, ba a samu 'yancin ba sai 1821. Duk shekara daren 15 ga Satumba shugaban ƙasa yana fitowa barandar fada ya kaɗa ƙararrawa ya kira sunayen gwarazan jama'a na amsawa, ana nunawa a talabijin, wannan biki ne na ƙasa da za ku iya yi a falo da tuta da abinci. Akwai ranar yara 30 ga Afrilu, da ranar uwa 10 ga Mayu wadda ba ta motsi ko wace rana ta faɗo, kuma wlh in yaran suka kira kakarsu ranar nan suka gaishe ta da yarenta kun gama da zuciyarta.

Malama Hadiza:
Na manta abu mafi muhimmanci. Yaranka baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, za su je inda za a yi ta kallonsu ana taɓa musu gashi, kada su ɗauka Meziko babu irinsu. A ƙidayar 2020 mutum wajen miliyan 2.5 suka ce su tsatson Afirka ne, da yawa a gaɓar tekun Guerrero da Oaxaca da kuma Veracruz. A Veracruz akwai gari sunansa Yanga, sunan wani ɗan Afirka ne da ya tsere daga bauta ya kafa mazauni a duwatsu shi da mutanensa, Sifaniyawa suka kai musu yaƙi a 1609 suka kasa murƙushe su har aka yi sulhu. Vicente Guerrero da ya soke bauta a 1829 yana shugaban ƙasa shi ma yana da jinin Afirka. Su tafi da wannan a kansu.

Abu Sumayya:
Tarihi da abinci ban da ja. Amma bikin shekara 15 ɗin fa kowa ya yi shiru a kai, ai na ga bidiyonsa, a coci ake farawa sannan rawa maza da mata da giya har dare. Da piñata da ake ta yayi, abin nan da ake cika da alawa yara su fasa, ita ma ai asalinta na coci ne.

Maman Khalil:
Haka ne Yaya, da addu'a a coci ake farawa sannan a wuce zauren biki. Mu da aka gayyace mu na 'yar maƙwabciyata cocin bamu je ba kuma babu wanda ya ji haushi, zauren muka je da wuri. Farkon abin na dangi ne sosai, a ci abinci, uban yarinya ya durƙusa ya cire mata takalmi mara tsini ya sa mata mai tsini, a ba ta 'yar tsana ta ƙarshe alamar ta bar yarinta, ta yi rawa a hankali da babanta mata na ta kuka. Daga nan ne kiɗa ke canzawa kwalabe su yawaita, to nan muka yi sallama muka tafi. Kuma ka sani Baban Yusra bikin nan ba uba kaɗai ke ɗaukar nauyinsa ba, suna da padrinos, wani ya ɗauki kek wani riga wani hoto wani kiɗa, in aka ce ka ɗauki wani abu girmamawa ce babba, ka zaɓi kek ko takalmi tun kafin a liƙa maka abin sha. Piñata kuma gaskiyarka ta gargajiya mai ƙaho 7 ma'anarta zunubai 7 a koyarwarsu, ana fasa ta a bikin posadas daga 16 zuwa 24 ga Disamba. Amma wadda ake ratayewa a fatin yara yanzu siffar jaki ce ko mota ko ƙwallo, kwali ne da takarda cike da alawa a rufe wa yaro ido ya buga da sanda. Mu da ƙaramar sallah muka yi wa yaran masallacinmu piñata mai siffar rago.

Abu Sumayya:
Ni dai ba zan yi a gidana ba, kuma har yanzu ina ganin a juyo kafin 1 ga Nuwamba ya fi kwanciyar hankali. Amma shi ya san gidan surukansa.

Hajiya Babba:
Ni tambayata Yusra shekararta nawa? Don in ta ga an yi wa 'yar uwarta wannan gata da doguwar riga sai ta ce ita fa.

Baban Yusra:
13 Hajiya, kuma ta riga ta tambaya. Uwarta ta ce mata in ta sauke Alƙur'ani za a yi mata walima babba da mole da tamale da zobo, a ɗinka mata doguwar riga mai hannu, a kawo kakarta daga Puebla da gwaggonninta daga Zariya, yanzu haka izu 12 ya rage mata. Akan tafiyar kuma mun tsaya za mu kai 2 ga wata, matata za ta yi magana da mamanta gobe akan kyandir da addu'o'in, maƙabarta da dare ba za mu je ba. Akwai cibiyar musulmi masu jin Sifaniyanci a nan Houston, IslamInSpanish, matata tana zuwa can wani lokacin, za mu fara kai yaran su ga wasu yara irinsu da ke sallah kuma suna yaren uwarsu. Malam ka taimaka min da yadda zan yi wa ɗan shekara 6 ɗin bayani, zan bi ka ta akwati.

Malam Abu Hafsa:
Ba damuwa, bayan isha'i ina nan.

Hajiya Babba:
To kada ka je gidan surukai hannu rabbana. Atamfa mai kyau turmi biyu wa tsohuwar, turaren wuta da humra, ita kuma mai bikin a samo mata lalle a yi mata ƙunshi in tana so, su ma su ga namu. Ka haɗa da kilishi.

Maman Khalil:
Hajiya banda kilishin, nama ne za su iya ƙwacewa a filin jirgi, in ma bai bayyana ba ya jawo wa kansa tara. Atamfar kuma a ɗinka ta tun daga Houston, a tambayi madam awon mamanta, telan can ba lallai ya san yadda ake yanka ta ba.